Kor da yawa ko gudu mai yawa: wane furosesa ya dace da gem?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu buga gem, na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, da duk inda kuke kallonmu.

Wanda ya shiga kasuwar Tip Toe Lane a Circle, nan Accra, neman kwamfutar gem, lamba biyu ake fara gaya masa. Wannan ya ce, "Maigida, zo ka gani, kor 14 gare shi." Na gaba ya ce, "Nawa gigahaz 4 yake gudu." Kai kuwa sidin da ke aljihunka a ƙidaye suke. Ga amsata tun yanzu: in dai don gem ne, kor 6 na zamani sun fi kor 14 na shekara goma da suka wuce. Kuma kafin ka tambayi ko ɗaya cikin lambobin nan, ka fara tambayar shekarar da aka ƙera furosesan.

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, kor kuma wani ɗan inji ne a cikinsa da ke ɗaukar aikinsa shi kaɗai. Gigahaz kuma yawan bugun da yake yi ne, gigahaz 4 bugu biliyan 4 ke nan a sakan ɗaya.

Ku tuna shagon tela ana saura kwana uku Sallah. Maigida kaɗai ke yanka yadi, yara na kan keke suna ɗinki. In yaran biyu ne aka mayar da su biyar, aiki zai yi sauri sosai. Amma a tara 14 a shagon, rabinsu zama za su yi suna jiran almakashin maigida. Haka gem yake. Akwai babban aiki guda da ba ya rabuwa: a karɓi abin da ka danna, a lissafa inda ɗan wasa da ƙwallo suka koma, sannan a ba katin hoto, wato ɓangaren da ke fitar da hoto a allo, umarni ya zana. Dole wannan ya gama kafin wancan ya fara. Sauti da loda taswira da motsin 'yan kallo ana iya miƙa wa sauran kor, amma babban aikin nan kor ɗaya ko biyu ke riƙe da shi. Tun 1967 wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya bayyana wannan iyakar: ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ke tsayar da amfanin ƙarin ma'aikata.

Lokacin kuma ba shi da yawa. In kana son hoto 60 a sakan, kowane hoto milisakan 16.7 yake da shi. In allonka mai 144 ne, bai kai milisakan 7 ba. Kor ɗin da ke riƙe da babban aikin ya makara, sai ka ga hoto ya ɗan tsaya daidai lokacin da za ka buga fanareti.

To ke nan a bi gigahaz? Nan ma da sauran magana. A 2012 AMD ta fitar da FX-8350, kor 8, gigahaz 4. A shekarar Intel ta fitar da Core i5-3570K, kor 4 kacal, gigahaz 3.4. A takarda na AMD ya yi gaba ta ko'ina, amma a yawancin gem i5 ɗin ne ya ci, domin kowane bugu nasa ya fi gama aiki. Wannan shi ne abin da ba a rubutawa a jikin kwali, yawan aikin da ake gamawa a bugu ɗaya, kuma yana ƙaruwa ne daga wani zamanin furosesa zuwa na gaba. Saboda haka kwatanta gigahaz da gigahaz ba ya da ma'ana sai in furosesan biyu 'yan gida ɗaya ne, kuma 'yan zamani ɗaya.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Ryzen 7 5800X3D na 2022. Kor 8 gare shi kamar ɗan uwansa 5800X, gudunsa ma bai kai na ɗan uwan ba, 4.5 ne shi, wancan 4.7. Duk da haka ya wuce shi a gem, a wasu ma da tazara mai yawa. Sirrin kesh ne, wata 'yar ma'ajiya da ke cikin furosesa inda yake ajiye bayanan da yake yawan buƙata. Na 5800X megabayit 32 ne, na X3D 96. Duk lokacin da kor bai sami abu a kesh ba sai ya aika RAM, babbar ma'ajiyar da ke wajen furosesa, ya zauna jira, gigahaz ɗin nan na tafiya a banza.

Kor nawa ke nan suka isa? PlayStation 5 da Xbox Series X da suka fito a Nuwamban 2020 duka kor 8 gare su, kuma da su ake auna yawancin manyan gem na yanzu. Kor 4 na zamani za su ɗauki eFootball da Valorant lafiya, amma a irin su Warzone za ka fara jin tangarɗa. Kor 6, irin Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, nan kuɗi ke biyan kansa. In da hali ka ɗauki 8. Abin da ya wuce haka gem ba ya cika morarsa. Ku lura kuma da sababbin Intel, tun daga zamani na 12 da yawansu kor iri biyu suke haɗawa. Core i9-13900K ana cewa kor 24, amma 8 ne manya, 16 ƙanana ne masu ɗaukar ayyukan gefe.

Inda nake jin tausayin ƙannenmu shi ne wajen kayan hannu da ake shigowa da su. Za ka ga Xeon E5-2680 v4, kor 14, da araha mai jan hankali. Furosesan saba ne, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, na 2016, gudunsa 2.4, in ya matsa 3.3. Yana buga gem, ban ce ba ya yi ba, amma ba don wannan aka yi shi ba, kuma ba ya cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025. Haka sunan i7, kada ya ruɗe ka. Core i7-4790 da ke cikin tsofaffin kwamfutocin ofis na 2014 ne, kuma i3-12100F na 2022 ya fi shi a gem. Dubi lambar da ke bayan ɗan layin nan: 4790 zamani na 4, 12100 zamani na 12.

Sai zafi, wanda mu a Accra ba za mu kau da kai gare shi ba. Gudun da aka rubuta a kwali furosesa ba ya riƙe shi sai yana samun sanyi. Da ya doshi digiri 95 zuwa 100 zai rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ɗaki ba iska, rana ta haura digiri 30, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, gigahaz ɗin da ka biya ba za ka same shi ba. Ryzen 5 5600 wat 65 aka ƙayyade masa, i9-13900K kuwa yana kai 253, kuma mitar wuta za ta nuna maka bambancin a ƙarshen wata. Ka riƙa share ƙurar, ka sabunta man da ke tsakanin furosesa da fanka in ya bushe.

Mai yanka bidiyon biki da suna, ko mai haɗa gem da watsawa kai tsaye, shi kam ƙarin kor zai yi masa amfani, domin wannan aikin yana rabuwa. Mai gem zalla ya kai rarar kuɗin kan katin hoto, ya kuma sa RAM guda biyu maimakon ɗaya, misali gigabayit 8 sau biyu.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka roƙi mai shago ya kunna. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga shafin Performance ka zaɓi CPU, wato furosesa, ainihin suna da yawan kor za su bayyana. Sannan a buɗe gem ɗin da kake bugawa tare da MSI Afterburner, manhajar da ke nuna yawan aikin da katin hoto da furosesa ke yi, a bar shi minti 20. In katin hoto na aiki kusan kashi 99 cikin ɗari, furosesan ya wadatar. In katin na zaune a kashi 60 hoto kuma na sarƙewa, yawanci furosesan ne ya gaza, ko da jimillar aikinsa ta nuna kashi 30 kawai, domin kor ɗaya ne ya cika sauran suna jira.