Buɗe Asusun Banki a Ƙasar da Ba Ka Zaune a Cikinta

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau ina magana da ku ne daga birnin Madrid na ƙasar Sifaniya, inda aiki yake kawo ni lokaci zuwa lokaci ba tare da na zama mazaunin ƙasar ba, kuma batun da zan ɗauka shi ne wanda ya fi yawa a cikin saƙonnin da kuke aiko mini, wato yadda mutum zai buɗe asusun banki a ƙasar da ba ya zaune a cikinta. Masu tambayar iri-iri ne. Akwai ɗalibin da ya sami gurbin karatu amma bai kai ga tafiya ba, akwai ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga waje, akwai wadda take yi wa wani kamfani aiki ta intanet ana so a riƙa biyanta da yuro ko dala, akwai kuma wanda ya sayi gida yana neman inda za a riƙa cire masa kuɗin wuta da ruwa. Abin yana yiwuwa a ƙasashe da dama, sai dai wuƙa da nama suna hannun banki, kuma ba ya karɓar baƙo sai baƙon ya gamsar da shi da takardu na gaskiya.

Ya kamata a fara sanin matsayin da mutum yake kai kafin ya shiga banki. A Tarayyar Turai akwai dokar da aka zartar a shekarar 2014 wadda ta ba duk wanda yake zaune bisa doka a cikin tarayyar haƙƙin mallakar asusun biyan kuɗi na yau da kullum, har da masu neman mafaka da waɗanda ba su da tsayayyen adireshi, kuma ta wajabta wa banki ya ba da amsa cikin kwanakin aiki 10. Wanda yake zaune a wajen tarayyar ba ya cikin wannan inuwa. Idan banki ya ce masa a'a, bai karya doka ba, kuma sau da yawa ba zai faɗi dalili ba. Haka lamarin yake a yawancin ƙasashen duniya. Na faɗi wannan ne domin na ga mutane suna ɗaukar ƙin da aka yi musu a matsayin cin mutunci, suna zuciya suna barin neman gaba ɗaya, alhali bankin da ke kusa da wancan yana iya samun tsari dabam.

Ɗari-ɗarin da bankuna ke yi yana da tushe. A shekarar 1989 ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, wato G7, suka kafa hukumar FATF a birnin Paris domin yaƙi da halasta kuɗin haram, kuma ƙa'idojinta ne yawancin ƙasashe suka mayar dokokinsu. Ƙa'idojin sun ɗora wa banki nauyin sanin abokin hulɗarsa: ko shi wane ne, ina yake zaune, daga ina kuɗinsa suke fitowa, me zai yi da asusun. Binciken mazaunin ƙasa abu ne mai sauƙi, domin bayanansa suna hannun hukumomin gida. Binciken wanda ke zaune a nesa kuwa yana cin lokaci da kuɗi, idan kuma aka yi sakaci tarar da hukuma ke ci tana da nauyi ƙwarai. Hukumar FATF tana kuma fitar da jerin ƙasashen da ake sa wa ido, tana sabunta shi sau uku a shekara, kuma wanda yake zaune a ɗaya daga cikinsu ya shirya amsa ƙarin tambayoyi. Haka nan wanda yake riƙe da babban muƙamin gwamnati, ko ɗansa, ko matarsa.

Ga takardun da na shimfiɗa a kan tebur, bari in matso da kyamara ku gani. Na farko fasfo ne mai sauran wa'adi. Na biyu shaidar adireshin inda nake zaune da gaske, wadda yawanci takardar kuɗin wuta ce ko ta ruwa ko bayanin asusun wani banki, kuma bankuna da yawa suna so kada ta wuce wata 3 da fitowa. Na uku lambar biyan haraji ta ƙasar da nake zaune. Na huɗu shaidar samun kuɗi, wato takardar ɗaukar aiki da takardun albashi, ko rajistar kamfani ga ɗan kasuwa. Ku duba yadda sunan yake a fasfo, ku duba yadda yake a sauran takardun: harafi da harafi iri ɗaya ne, jerin sunayen ma iri ɗaya. Wannan ƙaramin abu yana tsayar da mutane da yawa. Idan fasfo ya ce Muhammad, takardar wuta ta ce Mohammed, ko sunan mahaifi ya zo a gaba a nan ya koma baya a can, ma'aikacin banki ba shi da ikon ya ce ai duk ɗaya ne, domin na'urar da ke tantancewa ba ta san haka ba. A gyara tun daga gida. Idan takardun ba da harshen ƙasar aka rubuta su ba, ana iya neman fassarar mai fassara da hukuma ta amince da shi, wani lokaci kuma da hatimin afostil, mai tabbatar da sahihancin takarda a ƙasashen waje, wanda yarjejeniyar Hague ta 1961 ta samar. Ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar, takardunta sai sun bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci.

Yanzu sai batun da ya sa na ɗauki wannan bidiyon, wato aron adireshi. Shawarar da aka fi ba sabon zuwa ita ce ya rubuta adireshin wani ɗan'uwa ko aboki da ke zaune a ƙasar, ya nuna kamar nan ne gidansa, a buɗe masa asusun mazauna wanda ya fi arha kuma ya fi sauri. Ina roƙonku da ku guji wannan. Asusun yana iya buɗuwa, katin ma yana iya zuwa, amma banki ba ya daina dubawa bayan ranar farko. Yana ganin ƙasar da ake shiga manhajarsa daga cikinta, yana ganin inda ake amfani da katin wata bayan wata, kuma lokaci-lokaci yana neman a sabunta takardu. Ranar da ya nemi sabuwar shaidar adireshi ko katin izinin zama aka rasa, sai ya dakatar da asusun da kuɗin da ke ciki, mai shi yana wata ƙasa, ba shi da hanyar zuwa reshe, kuma duk bayanin da zai yi sai ya fara da amincewa cewa abin da ya rubuta tun farko ba gaskiya ba ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shi ma wanda ya ba da aron adireshin bai tsira ba, domin gidansa ne ke rubuce idan bincike ya taso. Asusun baƙi ya fi tsada, ya fi jinkiri, amma idan aka tambaye ka kana da amsar da takardunka za su mara wa baya.

Wannan fom ɗin da nake riƙe da shi, shi ne inda mutum yake bayyana ƙasar da yake biyan haraji, ya rubuta lambarsa, ya sa hannu. Ya samo asali ne daga tsarin musayar bayanan haraji mai suna CRS da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar a 2014, aka fara musayar bayanai a ƙarƙashinsa a 2017, kuma ƙasashe da yankuna fiye da 100 suna cikinsa. Abin da tsarin ke yi shi ne, banki yana miƙa sunan baƙo da lambar harajinsa da adadin kuɗin da ke asusunsa ga hukumar haraji ta ƙasar da bankin yake, ita kuma ta aika wa takwararta ta ƙasar da baƙon yake zaune, sau ɗaya a shekara. Amurka ba ta shiga wannan tsari ba, tana da nata mai suna FATCA tun 2010, shi ya sa ko a Turai za a tambaye ka ko kai ɗan Amurka ne. Saboda haka duk wanda yake ganin asusun waje wurin ɓoye dukiya ne, zamanin ya wuce shi. Mallakar asusun ba laifi ba ce, amma ƙasashe da yawa suna so mazauninsu ya bayyana shi, wasu kuma suna da dokokin fitar da kuɗin waje, kuma sanin waɗannan dokoki yana wuyan mai asusun.

Tambayar da na ga ta fi kowace nauyi a zaman da na yi da ma'aikaciyar banki a nan ita ce mafi gajarta: me ya sa kake son asusu a Sifaniya? Ta ajiye biro ta jira amsa. Na ciro yarjejeniyar aikin da ke kawo ni, na nuna mata sunan kamfanin da adadin da za a riƙa biya, sannan ta tambayi kimanin nawa zai riƙa shiga a wata, daga wace ƙasa, zuwa ina zai fita, tana rubuta kowace amsa a kwamfuta. Waɗannan amsoshin su ne ma'aunin da za a riƙa gwada asusun da shi nan gaba. Wanda ya ce albashi kaɗan ne zai riƙa shiga, sannan aka wayi gari kuɗin sayar da fili suka faɗo, kada ya yi mamaki idan aka riƙe su har sai ya kawo takardar cinikin. Gara a faɗi adadin da ake tsammani da gaske, kuma idan babban kuɗi yana tafe a sanar da banki tun kafin ya iso.

Kowace ƙasa da nata salon. A Sifaniya asusun waɗanda ba mazauna ba sananne ne, kuma ana neman takardar shaidar rashin zama da hukumar 'yan sanda ke bayarwa. Wasu bankunan sukan nemo ta a madadin mutum su caje shi, kuma ana sabunta ta. A Fotugal sai an fara samun lambar haraji mai suna NIF. A Amurka doka ta yarda banki ya karɓi lambar fasfon baƙo a matsayin shaida, sai dai bankuna da yawa suna so mutum ya zo reshe da ƙafarsa, kuma zai cika fom ɗin W-8BEN da ke nuna shi ba mai biyan harajin Amurka ba ne. Shirin e-Residency na ƙasar Estoniya da aka fara a 2014 kuwa, wanda ake yawan tambayata a kansa, katin shaida ne na gudanar da kamfani daga nesa. Ba izinin zama ba ne, kuma ba ya tilasta wa kowane banki ya buɗe wa mutum asusu.

Ga wanda bukatarsa karɓar kuɗi da tura su ne kawai, manhajoji irin su Wise suna iya wadatarwa, idan suna aiki da mazauna ƙasarsa, domin su ma adireshin zama suke dubawa. Sai dai a lura da bambanci. Kuɗin da ke banki mai lasisi a Tarayyar Turai suna da kariya har yuro 100,000 ga kowane mai ajiya a kowane banki, a Amurka kuma hukumar FDIC tana kare har dala 250,000, kuma baƙo ma yana cikin wannan kariya. Kamfanin kuɗin lantarki, irin masu waɗannan manhajoji, ba ya cikin wannan inshora; abin da doka ta ɗora masa shi ne ya ware kuɗin abokan hulɗa dabam da nasa. A ganina irin wannan manhaja ta dace da kuɗin da ke wucewa, ajiyar shekaru kuwa ta fi dacewa da banki.

Kafin a sa hannu a nemi takardar cajin banki a karanta: kuɗin kula da asusu, mafi ƙarancin abin da dole ya zauna a ciki, kuɗin tura kuɗi waje, da farashin canji, wanda a cikinsa ne aka fi yin asara ba tare da an lura ba. Idan an buɗe, za a ba ka lambar IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, wadda a Sifaniya take da haruffa da lambobi 24, a Jamus 22, da lambar SWIFT da ke nuna bankin, mai 8 ko 11, kuma su ne za ka ba mai turo maka kuɗi.

Akwai kuma masu tallar cewa za su buɗe maka asusu a waje ba tare da ka nuna fuska ba, ko su sayar maka da wanda aka riga aka buɗe da sunan wani. Asusun da ba sunanka ba, kuɗin da ke ciki a idon doka ba naka ba ne. Mafi haɗari shi ne wanda zai ce ka buɗe da sunanka, ya riƙa wuce da kuɗi ta ciki yana ba ka kaso. Irin waɗannan kuɗi galibi na damfara ne, kuma mai asusun ake fara kamawa, ko da ya rantse bai san tushensu ba.

Bayan an buɗe asusun sauran kula da shi. Lambar wayar da aka yi rajista da ita ta kasance tana karɓar saƙo a duk inda kake, domin ta nan lambobin tabbatarwa ke zuwa. Idan fasfo ya ƙare aka sabunta, a aika wa banki sabon tun bai tambaya ba, kuma a riƙa ɗan motsa asusun, domin wanda aka daɗe ba a taɓa ba ana iya daskarar da shi yayin da caji ke ci gaba da cin abin da ke ciki. Idan kuma mutum ya sauya ƙasar zama, ko ya sami izinin zama a ƙasar da bankin yake, ya sanar da su a rubuce domin a sauya nau'in asusun da bayanin harajinsa. Wanda yake da tambaya a kan wata ƙasa ta musamman ya aiko, amma kada ya haɗa da hoton fasfo ko lambar asusunsa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, wassalamu alaikum.