Yadda Ake Ladabtar da 'Yan Magudi a Wasannin Bidiyo

A wasan Call of Duty: Warzone, kowane zagaye yana farawa ne da jirgin sama. Mutum ɗari ko fiye su diro daga cikinsa, kowa ya buɗe lemarsa ya sauka inda yake so. Amma tun ƙarshen shekarar 2023, akwai waɗanda za su danna maɓallin lema ta ƙi buɗewa. Su sake dannawa, shiru. Haka za su taho har su bugu da ƙasa, su mutu tun ba su harba harsashi ko ɗaya ba. Ba matsalar intanet ba ce. Kamfanin Activision, mai wasan, shi ne ya tsinke igiyar da gangan, don ya gano suna magudi.

To me ya sa kamfani zai tsaya yin wannan wasan kura da mutum, alhali yana iya rufe masa akawun a cikin daƙiƙa guda? Amsar wannan tambayar ita ce bidiyonmu na yau.

Mu fara da mene ne magudin. Iri biyu suka fi yawa a wasannin harbi. Akwai manhajar da ke saita wa mutum bindiga, da abokin gaba ya leƙo sai bakin bindiga ya manne a kansa. Akwai kuma wadda ke sa bango ya zama kamar babu shi, kana ɓoye a ɗaki amma ana kallonka. Duk wanda ya buga PUBG Mobile ko Free Fire a waya ya san wannan takaicin: kana kwance cikin ciyawa ba ka ko motsa ba, sai harbi a ka daga inda ba ka ma hango kowa. Waɗannan manhajoji sana'a ce zaunanniya. Akwai masu rubuta su, akwai dillalai, ana biyan kuɗi duk mako ko duk wata.

Tsohon hukunci shi ne kora. Kamfanin Valve ya fito da tsarinsa na kama magudi mai suna VAC a 2002 saboda wasan Counter-Strike, kuma korarsa ta har abada ce, ga tambari da ake manna wa a shafin mutum na Steam, dandalin wasannin Valve, kowa ya leƙa ya gani. PUBG Mobile kuma ya yi suna wajen dakatar da akawun na shekara 10. Sai dai kora tana da ciwo ne lokacin da wasa na sayarwa ne. Yanzu manyan wasanni da yawa kyauta ne. A rufe wa mutum akawun da la'asar, kafin magariba ya buɗe sabo. Shi ya sa wasu kamfanoni, irin su Riot Games mai Valorant, suke haramta kwamfutar kanta, ta hanyar lambobin kayan da ke cikinta. Ko hakan ma akwai masu sayar da manhajar ɓoye lambobin.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan, kuma a nan nake so ku saurara da kyau. Duk lokacin da kamfani ya kori ɗan magudi nan take, ya ba mai rubuta manhajar labari kyauta. Shi yana zaune da akawun gwaji barkatai. Ya canza abu kaɗan ya shiga, aka kore shi, ya san wannan an gano. Ya sake canzawa ya shiga, ba a kore shi ba, shi ke nan ya samu ƙofa. Don haka sau da yawa VAC ba ya kora a take. Yana iya gano mutum yau ya ƙyale shi kwanaki ko makonni, sannan a kwashe su gaba ɗaya rana guda, ta yadda ba wanda zai iya cewa ga takamaiman abin da ya tona asiri. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Misali mafi kyau ya faru a wasan Dota 2. A watan Fabrairun 2023 Valve ya sanar cewa ya rufe akawun sama da 40,000. Yadda aka kama su shi ne abin sha'awa. Kamfanin ya gano wata manhaja tana leƙa bayanan da bai kamata ɗan wasa ya gani ba. Sai ya fitar da sabuntawa, ya dasa wani ɓangaren bayanai a cikin wasan wanda wasa na gaskiya ba zai taɓa karantawa ba, manhajar magudi ce kaɗai za ta taɓa shi. Ya yi shiru ya jira. Duk akawun da ya taɓa wurin ya rubuta sunansa da hannunsa.

Abin da Activision ke yi a Warzone reshe ne na wannan dabarar. Tsarinsa na yaƙi da magudi mai suna Ricochet ya fara aiki a ƙarshen 2021, kuma kamfanin ya ce yana barin wasu 'yan magudin cikin wasa ne don ya tattara bayanai a kan manhajarsu. Amma ba zai bar su su ɓata wa mutane wasa ba, sai ya karya musu ƙarfi. A 2022 aka fara da sa harsashinsu ya daina yi wa kowa illa, mutum ya juye maka bindiga cike kana tsaye kana kallonsa. Daga nan aka sa 'yan wasa na gari su ɓace masa, ba ya ganinsu ba ya jin takunsu, su kuwa suna ganinsa sarai. Sai ƙwace makami, har dunƙulen hannu. A 2023 aka ƙara mutanen bogi waɗanda mai magudi ne kaɗai ke ganinsu. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, domin horo ne kuma gwaji ne: idan ana zarginka aka jefo mutumin da ido ba ya gani sai manhaja, kai kuma ka juya ka bi shi da harbi, ka ba da shaida a kan kanka.

Wata hanyar ita ce a tara su waje guda. Rockstar ya yi haka a Max Payne 3 a 2012, Respawn ya yi a Titanfall a 2014: ba a kore ka ba, amma daga yau ba za ka ƙara haɗuwa da kowa ba sai ɗan'uwanka ɗan magudi. Masu Fall Guys sun gwada a 2020, a ɓoye. Wasan nasu yana buƙatar aƙalla mutum 40 kafin ya fara, to idan 'yan magudin yankin ba su kai ba, sai mutum ya yi ta jira a allon neman abokan wasa ba ranar shiga. Daga baya suka yi yawa har wasa ya fara tashi a tsakaninsu, bidiyonsu ya bazu, masu kallo suka ɗauka haka wasan yake ga kowa. Dole kamfanin ya rufe wurin ya koma ga manhajar tsaro ta Easy Anti-Cheat.

Sai kunyatarwa. A 2015 'yan wasan Guild Wars 2 suka gaji da wani da ke addabarsu, suka naɗi bidiyonsa suka yaɗa. Jami'in tsaro na kamfanin ArenaNet ya shiga akawun ɗin mutumin, ya tuɓe wa jaruminsa kayan yaƙi ya bar shi daga shi sai ɗan kamfai, ya sa shi ya ɗaga hannu ya yi bankwana, ya tunkuɗa shi daga kan gada, sannan ya goge shi. Aka saki bidiyon duniya ta gani. A shekarar dai, kamfanin Daybreak ya kori kusan mutum 25,000 daga wasan H1Z1. Da suka fara turo saƙon ban haƙuri, shugaban kamfanin, John Smedley, ya ce wanda ke son a duba batunsa ya ɗora bidiyo a YouTube ya nemi gafara a bainar jama'a, kuma gafarar 'yan wasa zai nema, ba ta kamfani ba. Ƙalilan aka mayar.

Su ma 'yan wasan an taɓa ba su kujerar alƙali. A 2013, Counter-Strike: Global Offensive ya fito da wani tsari da a lokacin ake tura wa gogaggun 'yan wasa ɗan gajeren faifan wanda aka kai ƙara, an ɓoye sunansa, su kalla su yanke ko hujja ta tabbata. Idan ra'ayinsu ya zo ɗaya, hukunci ya hau.

A gasar kuɗi kuwa abin ya fi muni. A Oktoban 2018, ana tsakiyar wata gasar Counter-Strike a Shanghai, aka tsayar da wasa jami'i ya zo duba kwamfutar wani ɗan ƙungiyar OpTic India, Nikhil Kumawat, wanda aka fi sani da forsaken. Aka ga manhajar magudi ya sa mata suna word.exe, wai ta yi kama da manhajar rubutu, ana dubawa yana ƙoƙarin gogewa. Aka dakatar da shi shekara 5. Ƙungiyar kuma aka rushe ta, har da abokan wasansa da ba a same su da laifi ba.

A ganina duk waɗannan suna kama mai saye ne, kuma mai saye ba ya ƙarewa. Inda ake taɓa jijiyar sana'ar shi ne kotu. A 2017 wata kotu a Amurka ta umarci kamfanin Bossland na Jamus, mai sayar da manhajar magudi, ya biya kamfanin wasanni na Blizzard sama da dala miliyan 8. A 2024 aka yanke wa masu sayar da manhajar EngineOwning sama da dala miliyan 14, su biya Activision. Yanke hukunci daban, karɓo kuɗin daga mutanen da ke wata ƙasa daban, amma ko banza yana sa dillali ya yi tunani. Koriya ta Kudu ta mai da abin babban laifi, dokarta ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga mai ƙirƙira ko rarraba irin wannan manhaja. A China, a 2021, 'yan sandan birnin Kunshan tare da kamfanin Tencent suka tarwatsa wani gungu da aka ce ya tara kimanin dala miliyan 76, aka ƙwace dukiya har da motocin alfarma.

Wannan yaƙin yana da kuɗin da ɗan wasa na gari yake biya. Manhajojin tsaro irin su Vanguard na Riot suna zama ne a can cikin zuciyar tsarin kwamfuta, inda suke da iko kusan a kan komai, kuma mutane da yawa ba su ji daɗin miƙa wa kamfanin wasa wannan mabuɗin ba. Sannan na'ura tana kuskure. A Oktoban 2023 kamfanin AMD, mai ƙera kayan kwamfuta, ya fitar da sabuwar manhajar katinsa mai sarrafa hoton allo, da wata fasaha mai suna Anti-Lag+ wadda ke rage jinkiri tsakanin danna maɓalli da abin da ke fitowa a allo. Don ta yi aikinta sai ta taɓa fayilolin Counter-Strike 2, VAC kuma ya ɗauke ta a matsayin magudi. Mutanen da laifinsu kawai sun sabunta kwamfutarsu suka wayi gari an kore su. AMD ya janye manhajar, Valve ya bi ya tantance waɗanda abin ya shafa ya buɗe musu akawun ɗinsu.