Mai Riƙe da Jaka: Yadda Dokokin Tarayya Suka Tsara Kuɗi da Manufar Titunan Amurka

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, ina godiya da wannan dama. An nemi in yi magana a kan dokokin da Majalisar Tarayyar Amurka take yi domin samar da kuɗin manyan hanyoyi da sufuri, kuma zan fara da wani abu da yakan ba mutane mamaki idan suka ji shi karon farko. Duk faɗin titunan nan da ake gani a ƙasar, gwamnatin tarayya ba ita ke da su ba, ba ita ke ba da kwangilarsu ba, ba kuma ita ke cike ramukansu ba. Jihohi da ƙananan hukumomi ne suke da kusan dukkan hanyoyin. Jiha ce take fara biyan ɗan kwangila daga aljihunta, sannan ta kai takardu a mayar mata da kason tarayya. Abin da Washinton take riƙe da shi bakin jaka ne, kuma tarihin da zan ba ku yau tarihi ne na sharuɗɗan da mai jakar yake gindayawa kafin ya kwance ta.

Wannan tsari ya samo asali ne daga dokar 1916, wadda Shugaba Woodrow Wilson ya sa wa hannu. Ta ware dala miliyan 75 na shekara biyar, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo rabin kuɗin aikin, ta kuma kafa hukumar hanyoyi mai injiniyoyi. Manufar a lokacin ita ce a fitar da manomi daga cikin taɓo. Shekara uku bayan haka, a 1919, rundunar sojan ƙasar ta tayar da ayarin motoci daga Washinton zuwa San Faransisko domin ta gwada ko za a iya ratsa ƙasar da manyan motoci. Sun tashi ran 7 ga Yuli, ba su isa ba sai bayan kwana 62. Motoci sun kafe a yashi da laka, gadojin katako sun yi ta karyewa a ƙarƙashin nauyinsu, sojojin suna sauka suna gyara abin da suka karya kafin su wuce. A cikin ayarin akwai wani matashin hafsa mai suna Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya ga titunan Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya haɗa abin da ya gani a can da wahalar da ya sha a gida.

A 1944 Majalisa ta amince da taswirar manyan titunan da za su haɗa jihohi, mai tsawon mil 40,000, sai dai ba ta ware musu wani kuɗi na musamman ba, saboda haka taswirar ta shafe sama da shekara goma galibinta a kan takarda. Da Eisenhower ya zama shugaban ƙasa, kwamitin da ya kafa a ƙarƙashin Janar Lucius Clay ya ba da shawarar a ci bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni. Sanata Harry Byrd na jihar Bajiniya, wanda ya tsani bashi matuƙa, ya tsaya kai da fata a kan cewa ba za a bar wa jikoki kuɗin ruwa ba. Da aka koma ga ƙarin haraji, masu manyan motoci da kamfanonin mai da na taya suka yi ca a kan ƙudurin, ya faɗi a Majalisar Wakilai a 1955. Kowa yana son hanya, amma ba wanda yake son a ce shi zai biya.

Sulhun da aka cimma shi ne dokar 1956, wadda Eisenhower ya sa wa hannu ran 29 ga Yuni yana kwance a asibitin soja na Walter Reed bayan an yi masa tiyata. Dokar ta ba da izinin kashe dala biliyan 25 cikin shekara 13 domin gina mil 41,000, tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin ɗari, jiha ta ɗauki kashi 10. Amma abin da ya fi waɗannan alƙaluma muhimmanci a wurina shi ne asusun amana na hanyoyi da aka kafa tare da ita. An ƙara harajin fetur daga santi biyu zuwa santi uku a kan kowane galan (santi ɗari ne dala ɗaya), aka kuma ce kuɗin ba zai shiga babban baitulmali ba, zai wuce kai tsaye cikin wannan asusu. Hikimar ita ce, duk wanda ya sha mai ya biya kuɗin hanya, duk sabuwar hanya kuma tana jawo ƙarin motoci, ƙarin motoci suna shan ƙarin mai, asusun yana ƙara cika. Akwai kuma wata dabara da ba kowa ya san da ita ba: kuɗin asusun ana iya yi wa jihohi alkawarinsa tun shekaru kafin a fitar da shi, ba sai an jira kasafin kowace shekara ba. Injiniyan da zai gina gadar da za ta ci shekara biyar ya san kuɗinsa na nan tafe.

To, gwamnan da aka ce masa ya kawo dala ɗaya a ba shi tara, me kuke tsammanin zai gina? Zai gina titi, ko garinsa yana buƙatarsa ko ba ya buƙata, domin a wancan lokaci babu irin wannan tayi ga jirgin ƙasa ko motar haya ta cikin gari. A nan ne ɓarnar ta faru. Masu tsara birane suka bi da titunan ta cikin unguwannin da fili ya fi araha kuma mazauna ba su da murya, wanda a mafi yawan lokuta yana nufin unguwannin baƙar fata. An ratsa unguwar Rondo a birnin Sent Paul, an ratsa Overtown a Miyami. A New Orleans akwai titin Claiborne, wanda yake cike da shagunan baƙar fata, da dogayen bishiyoyi jere a tsakiyarsa inda jama'a suke shan inuwa suna bukukuwansu. A 1966 aka sare bishiyoyin aka kafa ginshiƙan kankare, aka ɗora gadar sama a kai. Yau idan mutum ya je wurin zai ga an zana hoton bishiyoyin a jikin wasu ginshiƙan.

Jama'a ba su yi shiru ba, kuma dokokin da suka biyo baya martani ne ga ƙorafinsu. Dokar 1962 ta wajabta wa duk yankin birni mai mutum sama da 50,000 ya yi tsarin sufuri na haɗin gwiwa kafin a ba shi kuɗi. Dokar da ta kafa Ma'aikatar Sufuri a 1966 ta hana bi da titi ta cikin wurin shaƙatawa na jama'a ko wurin tarihi, sai idan babu wata mafita mai yiwuwa. Da wannan sashe mutanen birnin Memphis suka kai ƙara har Kotun Ƙoli a 1971 domin su ceci gandun Overton, suka yi nasara, kuma har yau titin bai ratsa gandun ba. A 1973 aka ba birane damar su soke wani yanki na titin da aka tsara musu, su karɓi madadin kuɗin su yi layin dogo na cikin gari.

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma jihohin Amurka sun ga gaskiyar wannan magana. Tsarin mulkin ƙasar bai ba tarayya ikon sa wa direba ƙa'idar gudu a titin jiha ba, amma a 1974, lokacin ƙarancin man fetur, Majalisa ta ce duk jihar da ta bar gudu ya wuce mil 55 a awa ba za a amince mata da sabon aikin hanya ba, kuma wannan ƙa'ida ba ta kau gaba ɗaya ba sai a 1995. A 1984 aka sake amfani da sandar: jihar da ba ta mayar da shekarun sayen giya zuwa 21 ba, za a zabtare mata wani kaso na kuɗin hanya. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1987 cewa tarayya tana da ikon gindaya sharaɗi a kan kuɗinta, kuma cikin ɗan lokaci dukkan jihohi suka bi sahu.

Shugaba Ronald Reagan, wanda aka sani da ƙin haraji, shi ne ya sa hannu a farkon 1983 a kan ƙarin santi biyar a harajin fetur, ya tashi daga santi huɗu zuwa santi tara, yana cewa wannan kuɗin amfani da hanya ne. Daga cikin biyar ɗin aka keɓe santi ɗaya domin sufurin jama'a. Sai kuma dokar 1991 da ake kira ISTEA, wadda Sanata Daniel Patrick Moynihan ya yi ruwa ya yi tsaki a kanta. A lokacin aikin manyan titunan ya kusa ƙarewa, saboda haka dokar ta sauya tambayar daga mil nawa aka shimfiɗa zuwa yadda mutane da kaya za su isa inda suka nufa. Ta ba hukumomin tsara birane ƙarin iko, ta ba da damar karkatar da kuɗi zuwa bas da jirgin ƙasa da hanyar keke, ta kuma ware kaso domin rage hayaƙi a biranen da iskarsu ta gurɓata.

Yanzu na zo wurin da nake so ku fi saurara. Tun ran 1 ga Oktoba 1993, harajin tarayya a kan galan ɗin fetur santi 18.4 ne, na dizal kuma santi 24.4, kuma bai motsa ba har yau. Galan ɗin Amurka bai kai lita huɗu ba. Direban da ya tsaya a gidan mai ya sha galan 15 yana ba tarayya dala 2 da santi 76, daidai da abin da mahaifinsa ya bayar shekara talatin da suka wuce, alhali farashin kaya ya ninka fiye da sau biyu, kuma na siminti da ƙarfe da kwalta ya fi haka tashi. Harajin ba kaso ne na farashin mai ba, ƙayyadadden kuɗi ne, don haka ko fetur ya yi tsada asusun ba ya ƙaruwa. Motocin zamani kuma sun rage shan mai, masu aiki da lantarki ba sa shan ko ɗigo, amma dukkansu suna taka kwalta ɗaya. A watan Satumba na 2008 asusun ya kusa ƙarewa, Majalisa ta zuba masa dala biliyan 8 daga baitulmali, kuma tun daga nan abin da aka zuba ya haura dala biliyan 270. Wato tsarin da aka gina a kan mai amfani da hanya shi ke biya ya koma dogara da babban baitulmali, wanda shi kansa yana cike giɓinsa da bashi, abin nan da Byrd ya guda.

Abin da ya sa nake ganin wannan a matsayin gazawar Majalisa shi ne, a daidai shekarun da ta kasa taɓa harajin, a nan ne ta fi yawaita manufofi. Dokar 2005 ta zo da ayyukan alfarma sama da 6,000 da 'yan majalisa suka cusa wa mazaɓunsu, ciki har da gadar nan ta Alaska da aka ware wa sama da dala miliyan 200 domin ta haɗa garin Ketchikan da wani tsibiri mai filin jirgin sama da mazauna kimanin 50, wadda tsananin suka ya sa ba a gina ta ba. Shekara biyu bayan haka, ran 1 ga Agusta 2007, gadar babban titi ta rufta cikin kogin Misisipi a Minneapolis, mutum 13 suka mutu. Dokar 2012, MAP-21, ta zo babu irin waɗancan ayyukan alfarma, ta kuma lissafa manufofin ƙasa guda bakwai, ciki har da rage mace-mace, da kula da lafiyar tituna da gadoji, da rage cunkoso, da sauƙaƙa jigilar kaya. Sai dai jihohi ne suke sa wa kansu mizanin da za a auna su da shi, kuma ɗalibin da aka ba shi damar zaɓen makin da zai ci ba ya faɗuwa jarrabawa. A 2021 mutanen da suka mutu a hatsarin hanya a ƙasar sun kai kusan 43,000.

Dokar FAST ta 2015 ta ware dala biliyan 305 na shekara biyar. Wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ran 15 ga Nuwamba 2021 ta fi ta nesa ba kusa ba, domin ta ƙunshi kimanin dala biliyan 350 na manyan hanyoyi, da biliyan 7.5 na wuraren cajin motocin lantarki, da biliyan ɗaya domin sake haɗa unguwannin da titunan baya suka raba, irin su Claiborne da na ambata. Biliyan ɗaya kuwa, a ƙasar da gadar sama guda takan lashe fiye da haka, bai wuce a ce an amsa laifi ba. Domin dokar ta tsaya da ƙafarta sai da aka sake zuba wa asusun dala biliyan 118 daga baitulmali, harajin kuma aka bar shi yadda yake.

Jihohi ba su jira Washinton ba. Da yawansu sun ƙara nasu harajin man, wasu sun sa wa motocin lantarki kuɗin rajista na musamman. Jihar Oregon, wadda ita ce ta fara sa harajin fetur a ƙasar tun 1919, ta soma gwada wani tsari a 2015 inda direban da ya shiga da kansa yake biya gwargwadon mil ɗin da ya yi tafiya, ko da yake mutane da dama suna ɗari-ɗari da na'urar da za ta iya sanin inda suka je. Wa'adin dokar 2021 yana ƙarewa ran 30 ga Satumba 2026, kuma duk ƙudurin da zai gaje ta dole ya faɗi inda kuɗin zai fito, ko daga famfon mai, ko daga mil ɗin da mota ta yi, ko kuma daga baitulmali kamar yadda aka saba tun 2008. Shugaban taro, a nan zan dakata domin masu tambaya su samu lokaci. Na gode.