Amsoshin Tambayoyinku: Dokin rairayi a filin ciyawa

Jama'a, lokaci ya ja, bari mu koma kan wasiƙunku. Likitanmu na dabbobi yana nan tare da ni.

Wani daga Tibiri yana tambaya ko ya ƙara wa doki hatsi ranar sukuwa. A'a, abin da ya saba ci shi za ka ba shi. Mai tambaya daga Madarunfa kuma ya ce tsakanin akawal da kili wane ya fi gudu? Haba ɗan'uwa, launin gashi ba ya gudu!

To, ga wadda ta zo mana daga wurare da dama, har da unguwar Zariya nan cikin Maradi. Mai wasiƙar ya ce dokinsa ba ya da na biyu a rairayi, amma da ya kai shi filin da ciyawa ta rufe da damina, sai ya zo a baya. Wai ya sayar da shi? Likita, bismilla.

"Madalla. Ka ga a Amurka manyan gasanni a kan ƙasa ake yi, kamar Kentucky Derby da aka fara a 1875. A Faransa kuwa ciyawa ce, gasar sukuwa ta Arc de Triomphe mita 2400 ce, kowane watan Oktoba. Turawan ma da kansu..."

Likita, mu dawo gida. Ya sayar ko kada ya sayar?

"Kada ya sayar, Malam! A rairayi kofato yana nutsewa, ya ɗan zame kafin ya kama, doki ya yi ta turawa da ƙarfin cinya tun daga farko. Ciyawa kuwa tana riƙe ƙafa, in ta jiƙe kuma ga santsi, sai doki ya taƙaita taku don tsoro. Shi ma na ciyawa in ya zo wurinmu, ƙasar da na gaba ke watsa masa a fuska tana sa ya ɗaga kai ya ja baya. Akwai wani doki a Amurka, Cigar, a ciyawa bai yi abin kirki ba. Da aka mai da shi ƙasa a 1994, sau 16 a jere ya yi nasara, har da kofin Dubai na 1996."

Kun ji dai. In maimaita: kada ka sayar saboda gudu ɗaya. Ni abin da ke ɓata mini rai shi ne a sauke doki daga mota da safe, da la'asar a ce ya shiga fili, in ya kasa a hau shi da bulala. Wannan zalunci ne. A kai shi da wuri, a yi ta kilisa da shi a filin na wasu makonni, a fara da tafiya kafin sukuwa. Kowace yamma ka shafa jijiyoyin ƙafafunsa na gaba. In ka ji zafi ko kumburi, ka ɗaure shi a turke ka nemi likita.

Mai tambaya daga Tasawa kan ƙaiƙayin wutsiya, ka yi haƙuri, da taka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.