Yahudawan Isra'ila: Wa Ke Shiga Soja, Wa Ke Zama a Makaranta?

Shiga unguwar Mea Shearim a Birnin Ƙudus da yammacin Juma'a. An tare tituna, ba mota ko ɗaya, maza cikin baƙaƙen riguna da huluna sun nufi wurin ibada domin ranar Asabar ta kama. Tafiyar awa guda kacal, a Tel Aviv, matasa suna bakin teku, gidajen abinci a buɗe. Duka Yahudawa ne, amma a kan abubuwa da yawa ba sa ga maciji da juna.

Binciken cibiyar Pew na 2016 ya nuna kusan rabin Yahudawan Isra'ila Hiloni ne, wato waɗanda addini bai dame su ba. Ana kiran masu bin al'ada sama-sama Masorti. Sai rukuni biyu masu riƙo da addini sosai, Dati da Haredi, kuma a nan ne masu kallo daga nesa suka fi ruɗewa, don siyasarsu ta sha bamban.

Su Dati suna ganin kafa ƙasar Isra'ila cikar alƙawarin Ubangiji ne. Suna shiga soja da ƙwazo, kuma daga cikinsu ƙungiyar Gush Emunim ta fito a 1974, wadda ta jagoranci gina matsugunai a yankin Falasɗinawa na Yammacin Kogin Jordan. Bezalel Smotrich, wanda ya zama ministan kuɗi a 2022, ɗan wannan gida ne.

Haredi kuwa tun asali ba su yarda da aƙidar Sahyoniya ba, wato aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasa tasu. Ku tuna, Theodor Herzl da ya kira taron Sahyoniyawa na farko a birnin Basel a 1897 ba mai addini ba ne. Malaman Haredi da dama sun ce haramun ne a kafa ƙasa kafin zuwan Almasihun da Yahudawa ke jira, kuma 'yan wata ƙaramar ƙungiyarsu mai suna Neturei Karta har gobe a kan wannan suke. Sauran sun shiga siyasa ta jam'iyyu irin su Shas, suna neman kuɗin makarantunsu da kare dokokin aure da na Asabar. Shi ya sa babu auren kotu a Isra'ila. Wanda bai son malamai su ɗaura masa, sau da yawa sai ya tafi Cyprus.

Babban ƙullin shi ne aikin soja, wanda tilas ne a kan matasan Yahudawan ƙasar. A 1948 firaministan farko David Ben-Gurion ya yafe wa ɗaliban Attaura kimanin 400 shiga soja. A lokacin abin bai taka kara ya karya ba. Amma macen Haredi takan haifi 'ya'ya shida ko fiye, yau kuma sun haura kashi 13 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Uwar da ɗanta ya yi kusan shekara uku cikin kaki tana da hujjar tambaya: don me ɗan maƙwabciya yake zaune a makaranta? Shi kuma Haredi ya yi imani da gaske cewa karatunsa ne ke tsare ƙasar.

A watan Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dole a ɗauke su. A Yulin 2025 jam'iyyun Haredi suka ajiye muƙamansu a gwamnatin Netanyahu saboda wannan rigima. Matasansu kuma suna tare manyan hanyoyi kusa da garin Haredi na Bnei Brak, suna rera cewa gara su mutu da su shiga soja.