Amsoshin Tambayoyinku: Wane jirgin nitso ne ya fara nutsar da jirgin yaƙi?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau wasiƙu biyu ne suka faɗo kan abu ɗaya, sai muka ga gara mu haɗa su mu amsa lokaci guda.

Ta farko daga wani malamin firamare ne a Azare, yana cewa don Allah a faɗa masa wane jirgin ruwa mai nitso ne ya fara nutsar da jirgin abokan gaba a tarihi, wai sun yi ta musu da abokansa a majalisa, su sun dage Jamusawa ne a yaƙin duniya na ɗaya. Ta biyu kuma wata baiwar Allah ce daga Maraɗi, ita tambayarta ita ce da wane irin inji waɗannan jirage na farko suke tafiya, kuma ya mutanen ciki suke numfashi.

Toh malam, abokan naka suna da ɗan abin riƙewa, don a watan Satumba na 1914 jirgin nitson Jamus mai suna U-21 ya harba nakiya mai tafiya da kanta ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya HMS Pathfinder. Amma fa an riga su da shekara 50 cif. Wanda ya fara shine wani ɗan ƙaramin jirgi da ake kira H. L. Hunley, a yaƙin basasan Amurka da aka yi daga 1861 zuwa 1865, kuma na ƴan Kudu ne, wato ɓangaren da suka ɓalle saboda su ci gaba da riƙe bayi. Ƴan Arewa sun fi su jiragen ruwa nesa ba kusa ba, sai suka zo suka datse masu bakin teku, auduga ba ta fita makamai ba sa shigowa, abin duniya ya ishi ƴan Kudu, shine suka fara neman dabarar da za su bi ta ƙarƙashin ruwa.

A garin Mobile na jihar Alabama aka ƙera shi a 1863, wani mai hali Horace Hunley da abokan aikinsa James McClintock da Baxter Watson ne suka tsaya a kai, kuma wannan ne gwajinsu na uku, biyun farko duk ba su kai labari ba. A watan Agusta aka ɗora shi a jirgin ƙasa aka kai shi birnin Charleston.

Yanzu bari mu zo kan tambayar hajiya ta Maraɗi, don nan ne abin yake ɗaure kai. Hajiya babu inji ko ɗaya a ciki wallahi. Tsawonsa kamar mita 12 ne, tsayin cikinsa kuma bai fi mita ɗaya da ƴan kai ba, kinga kenan ba mai iya miƙewa tsaye. Mutum takwas ke shiga, bakwai su zauna a jere kan benci a duƙe kafaɗa na gogar kafaɗa, a gabansu akwai wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa da suke juyawa da hannu, kamar dai yadda kike juya hannun injin taliya, shi wannan ƙarfen ne ke juya farfela a baya. Na takwas ɗin shine kwamanda, yana gaba yana leƙe ta ƴan ƙananan tagogin gilashi yana sarrafa akala. Idan za su nitse sai a buɗe wa ruwa hanya ya shiga tankuna biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, in za su taso kuma a sa famfon hannu a fitar da shi. Maganar numfashi kuwa, iskar da aka rufe ƙofa da ita ita ce guzurinsu. Kyandir suke kunnawa, shine fitila shine kuma ma'auni, in harshen wutar ya fara lumshewa sun san iska ta fara ƙarewa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki da jirgin, William Alexander, ya ba da labarin wani gwaji da suka yi inda suka zauna a ƙasan ruwa awa biyu da minti 35, alhali kyandir ɗin tun wajen minti 25 ya mutu, sauran duk a duhu suka yi shi.

Abin da ya fi taɓa min zuciya a tarihin nan shine jirgin ya fi cin nasa. Ranar 29 ga Agusta 1863 ya nitse a bakin gaɓa, mutum biyar suka mutu. Aka ciro shi aka wanke aka sake zuba wasu. Ranar 15 ga Oktoba ya sake nitsewa wajen gwaji, wannan karon duk takwas ɗin suka tafi har da shi Horace Hunley da kansa. Aka sake ciro shi. Janar Beauregard mai riƙe da Charleston ya so ya haƙura da shi, amma wani matashin hafsa Laftanar George Dixon ya yi ta naci har aka bar masa, ya kuma samu mutum bakwai da suka yarda su shiga bayan sun san sarai gawa nawa aka fitar daga ciki.

Daren 17 ga Fabrairu 1864 suka fita, ruwa sanyi ƙarara ga farin wata. A goshin jirgin an kafa wata doguwar sandar ƙarfe kamar mita biyar, a bakinta an ɗaura tukunyar jan ƙarfe mai albarushi kilo 60 da ɗoriya. Wajen tara saura kwata na dare masu gadi a kan jirgin ƴan Arewa USS Housatonic suka hango wani abu kamar gungumen icce yana nufo su, cikin waɗanda suka fara ganinsa har da wani baƙar fata mai suna Robert Flemming. Suka buɗe masa wuta da ƙananan bindigogi tunda manyan igwa ba sa iya sunkuyowa ƙasa haka, kafin su ja da baya nakiya ta tashi. Cikin kamar minti biyar Housatonic ya zauna a ƙasa, mutum biyar suka mutu, sauran suka ɗare sandunan jirgin da igiyoyi tunda ruwan wajen ba zurfi sosai, har aka zo aka kwashe su. Shi kuwa jirgin Hunley ko ƙeyarsa ba a sake gani ba a lokacin, ya nitse da mutum takwas ɗin da ke ciki. In ka haɗa lissafi malam, mutum 21 ya ci daga nasa, biyar daga abokan gaba.

Af, kafin na manta, akwai wani ɗan yankinmu da ya shiga wannan yaƙin a ɓangaren Arewa, Muhammad Ali ɗan Sa'id haifaffen Kukawa ta Borno, wanda aka kama shi bawa yana yaro ya zaga duniya har ya kai Amurka inda aka san shi da Nicholas Said. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata, rundunar da aka tura tsibiran da ke kusa da Charleston a wannan shekarar. Shi yasa duk tausayin da nake ji na mutanen cikin Hunley ba na mantawa da abin da ɓangarensu yake karewa.

Shekara 131 jirgin ya yi a binne cikin laka, sai a 1995 wata tawaga da marubuci Clive Cussler ya ɗauki nauyi ta gano shi, aka ɗago shi ranar 8 ga Agusta 2000. Da aka buɗe sai aka tarar da ƙasusuwan kowa a mazauninsa, ba alamar an yi turereniya wajen ƙofa, to wannan ne ya sa masana suke ta muhawara har yau, wasu na ganin iska ce ta ƙare masu, wata mai bincike a jami'ar Duke kuma Rachel Lance ta fitar da nata a 2017 cewa ƙarfin fashewar ne ya ratsa jikin jirgin ya illata masu huhu nan take tunda tazarar mita biyar ce kawai. A jikin ƙashin Dixon an tsinci wata tsabar zinare ta dala 20 a lanƙwashe, ita ce ta tare masa harsashi a aljihu a fagen daga na Shiloh, ya sa an zana mata ranar, 6 ga Afrilu 1862, da kalmomin da ke nufin mai ceton raina.

Ranar 17 ga Afrilu 2004 aka binne su takwas ɗin a maƙabartar Magnolia da ke Charleston, kusa da ƴan uwansu da jirgin ya fara ci. Shi kuma jirgin yana North Charleston cikin wani ƙaton tanki na ruwan magani da ke tsotse gishirin da ya shiga ƙarfen, mutane na zuwa kallo.

Malam na Azare sai ka koma majalisa da amsarka, hajiya ta Maraɗi mun gode ƙwarai da wasiƙa. Bari mu ɗan saurara kaɗan, in mun dawo sai mu buɗe ta gaba.