Lacca: Kaguwar da ta biyo dutse ta shigo tankin murjani

Assalamu alaikum jama'a. To, a matso kusa don Allah, na baya ana jina ko? Yawwa.

Duk wanda ya haɗa tankin kiwon kifi da murjani na ruwan gishiri ya san abin da ake cewa dutse mai rai, wato dutsen da aka ɗauko daga teku ko aka rene shi a cikin teku, cike da ramuka. Kai dutse ka saya, amma su ramukan nan da masu gida a ciki, tsutsotsi, ƙananan katantanwa, soso, sai kuma kaguwa. Tana shigowa ƙarama ƙwarai, ba ka ganinta, sai bayan watanni ka fara tarar da ɓawon katantanwa a fashe an tara a bakin wani rami, ko ka tashi da safe kifi ɗaya ya ɓace ba gawa ba labari, ko murjani ya yi fari a wuri guda.

Abin da nake so mu tafi da shi yau, kada ka ga kaguwa ka ce kashe. Duba ta tukuna. Kuma da rana ba za ka ganta ba, sai an kashe fitilar tanki da awa ɗaya ko biyu, ka zo da tocila mai jan haske, don jan haske bai cika firgita su ba, ka zauna ka yi haƙuri.

Me za ka duba? Awartakinta, wato hannayen nan biyu da take cafka da su. In bakinsu ya yi faɗi kamar cokali, galibi mai kankare gansakuka ce, irin koriyar nan Mithraculus sculptus wadda mutane ma da kuɗinsu suke saya don ta cinye musu gansakuka mai ƙwallo-ƙwallo. Ita ma fa in ta girma ta ji yunwa tana iya taɓa murjani, amma dai da sauƙi. In kuwa awartakin kauri ne da shi, mai tsini, bakinsa baƙi, jikin ga faɗi wani lokaci ga gashi buzu-buzu, to wannan dangin Xanthidae ne ko makusantansu, masu tanki suna ce mata gorila, kuma ita ce mai ɓarna, katantanwa take fasawa, ta ci murjani, ta kama kifi yana barci. Wadda kuma ƙafafunta na baya suka yi fale-fale na iyo, dangin Portunidae ke nan, mafarauciyar kifi ce, ba a barinta.

Yanzu ga inda mutane ke yin asara. Ka sayi murjani mai rassa irin Pocillopora ko Stylophora, sai ka ga ƴar kaguwa sumul, mai sheƙi, wata ja wata da ɗigo-ɗigo, a maƙale tsakanin rassan. Wallahi ka ƙyale ta. Trapezia ce, a kan murjanin Acropora kuma Tetralia ake samu. Majinar da murjanin ke fitarwa suke ci, su share masa dattin da ya zauna a kansa, a teku ma har tauraron tekun nan mai ƙaya mai cin murjani suke mintsina su kore shi. Amma a kan Acropora ɗin dai akwai wata mai gashi, launin toka, idanunta shuɗi-shuɗi, Cymo, ita naman murjanin take gutsura, in ka ga fari a inda take zama ka cire ta. Akwai kuma wadda ake kira kaguwar tangaran, ƙafafun tafiyarta da ake gani shida ne ba takwas ba, ga dogayen gashin baki, tana ta kaɗa wasu ƴan mafitai tana tace abinci daga ruwa. Wannan ba ruwanta da kowa.

Wani ya ce yana jin ƙas-ƙas da dare. Wannan yawanci ba kaguwa ba ce, jatan lande ne mai harbi ko wani mai kama da shi da ake kira mantis, darasi ne na daban.

To ya ake kamawa? Kofin gilashi mai santsi, ka sa ɗan guntun jatan lande a ciki, ka jingina shi da dutsen a karkace bakinsa na kallon sama, da dare za ta sulala ciki ta kasa hawowa. Wani dare ka kama, wani dare ka tarar an cinye naman an tafi, kada ka gaji, amma ka riƙa cire naman da safe kada ya ɓata maka ruwa. In ta ƙi, kuma ka san raminta, ɗaga dutsen gaba ɗaya ka sa a bokiti, ka feshi ramin da ruwan soda da sirinji, ko ka tsoma shi kamar minti ɗaya a ruwan da gishirinsa ya kai 1.035 zuwa 1.040 a ma'aunin gishiri, tunda na tanki wajen 1.025 ne, za ta fito da gudu ka ɗauke da hantsaki. Sai dai wannan yana wahalar da sauran halittun kirki da ke jikin dutsen, shi ya sa ni tarko nake fara sa wa mutane. Magani mai sinadarin tagulla kuwa kada ma a kawo shi kusa, murjanin da katantanwar duk zai kashe.

In ka ga ɓawonta kwance kada ka yi murna, saɓa ta yi, tana nan a ɓoye har ta ƙara girma.

A sa safar hannu don Allah. Wasu daga cikin Xanthidae, irin Zosimus aeneus, suna ɗauke da guba mai kisa in an ci, dafuwa ma ba ta kashe ta. Kuma kada wanda ya tafasa dutse don ya kashe kaguwa, in akwai Palythoa, wata halitta mai kama da murjani, a jikinsa tururin yana ɗauke da gubar palitoksin, mutane sun kwanta asibiti a kan wannan.

Wadda ka kama ka sa ta a ƙaramin tankin tace ruwa na ƙasa ta ci gaba da zamanta, ko ka ba wani mai so, amma ba a zuba ta a teku. To, masu tambaya bismillah, a miƙa wa malamar can makirfo.